Gidan da Baharudeen Ya Goge

Baharudeen ɗan tela ne. An haife shi a Aboabo, cikin Kumasi, a gidan da ƙarar keken ɗinki ba ta yankewa daga hantsi har la'asar. Mahaifinsa mutum ne da idan ya ga ɗinki ya karkace, komai ƙanƙantar karkacewar, sai ya sa reza ya farke shi gaba ɗaya, ko da mai kayan yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Baharudeen bai gaji ɗinkin ba, amma ya gaji idon. Matarsa Na'imatu takan ce idan suka je baƙunta ya ga hoton bango ya jirkice, abinci ba ya wuce masa sai ya tashi ya daidaita shi.

A 2003 ya zo Amurka da bizar caca. Ya yi wankin kwanuka, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin da ya zauna a kai: kai tukwanen iskar oksijin gidajen marasa lafiya a Germantown da kewaye. Na'imatu ta biyo shi da 'yarsu Wahida, suka kama gida a bene na uku, inda ake jin gurnanin motocin babbar hanya ta 270 ko an rufe taga.

Aikin ba shi da wuya sai wajen neman gida. Na'urar da ke cikin mota tana kai shi bakin unguwa ta ce ya iso, alhali gine-gine ne jere iri ɗaya, launi ɗaya, lambobinsu a ɓoye bayan itatuwa. Sai ya yi ta zagaye da tukunya a kan amalanke, yana sane da cewa a ɗaya daga cikin ɗakunan nan akwai tsohon da numfashinsa ke sarƙewa. Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai.

Abokinsa na kusa a ƙasar shi ne Abdou, direban tasi, mutumin Nijar, wanda ke zaune a Takoma Park da matarsa Safiatou. A shagon nama suka haɗu. Baharudeen ya ji wani yana faɗa a waya da Hausa, ya tsaya har ya gama, ya miƙa masa hannu. Abdou ya girme shi da kusan shekara goma, dogo ne, mai son raha. Daga ranar ya laƙaba masa suna Ɗan Zango, domin zango ake kiran unguwar Hausawa a Kumasi, yana tsokanarsa cewa Hausar Kumasi ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "ya zo" ne. Shi kuma Baharudeen ya ce ai gara tasu da ta mutanen da ke cewa "hwaɗa" da "tahi" kamar suna hura wuta. Kusan kowace Lahadi Abdou yakan tuƙo har Germantown ya sha koko da ƙosan Na'imatu, ya kawo wa Wahida dabino, su yi ta musu a kan ƙwallo.

Taswira ta shigo rayuwarsu a watan Janairun 2010, lokacin girgizar ƙasar Haiti. Akwai wata mata, Constance, wadda Baharudeen ke kai wa mahaifinta oksijin. Ran nan ya tarar da ita a teburin cin abinci tana bin hoton wani gari da linzamin kwamfuta, tana zana layuka. Ta bayyana masa cewa taswira ce ta kowa da kowa, sunanta OpenStreetMap, duk wanda ya ga dama yana iya ƙara titi ko gini a kanta, ba a biyan kowa. Masu aikin ceto a Haiti ba su da taswirar kirki, shi ya sa mutane daga ko'ina suke duba hotunan tauraron ɗan'adam suna zana musu hanyoyi.

Baharudeen ya tsaya yana kallo har ya manta da amalankensa a ƙofa. Ya ce, "To, gine-ginen unguwar nan fa? Ana iya sa musu lamba?"

Ta ce ana iyawa, shi ma yana iyawa.

Ranar Asabar ya je inda Constance da sauran masu zanen taswirar suke taruwa, wani ɗaki a laburare a Takoma Park, kuma ya ja Abdou, domin sunayen titunan Haiti da Faransanci suke, Abdou kuwa ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci. Abdou ya zo ne don kada ya ƙi abokinsa, amma ya zauna har aka tashi, yana karanta sunaye da ƙarfi yana gyara wa Turawa lafazi.

'Yan ƙungiyar suna da al'ada. A taron farko na kowace shekara, kowa zai miƙe ya faɗi abin da ya ƙudura zai yi wa taswira kafin Disamba. Ba mai bin kowa da bulala, magana ce kawai a gaban shaidu. Amma Baharudeen ya ɗauke ta kamar alkawarin da aka yi a masallaci. Shekarar farko ya ce zai sa lambar kowane ginin haya da yake kai kaya, da ƙofar shigarsa. Ya yi. Ta biyu ya ce duk matsayar bas a Germantown. Ya bi su da ƙafa a ranakun hutu, da sanyi da zafi, wani lokaci Na'imatu na jiransa a mota tana ƙorafi. Ta uku ya ce hanyoyin ƙafa, da wuraren da keken guragu ke iya hawa. Layinsa ba ya karkacewa, kusurwar gininsa kamar an auna da tef. Sababbin zuwa sukan buɗe aikinsa don su ga yadda ake yi.

Abdou kuwa idan ya miƙe sai ɗaki ya fara murmushi. Wata shekara ya ce burinsa ya rage tumbi. Wata kuma ya ce zai sa duk inda direban tasi zai iya tsayawa ya yi alwala ba a kore shi ba, ya sa guda kaɗan ya watsar. Gininsa kan fito a karkace kamar rumbun da iska ta tura. Baharudeen yakan bi bayansa ya miƙe masa su, Abdou ya yi dariya ya ce, "Ɗan tela, ka yi ta ɗinki."

A daminar 2012 kogin Kwara ya yi ambaliya. Ƙauyen su Abdou, Tungar Barmo, yana bakin ruwa can wajen Gaya ta Nijar, gidajensa duk na ƙasa ne. Ruwa ya kwana a ciki har bangaye suka narke. Ba a rasa rai ba, amma mutane suka kwashe abin da ya rage suka koma kan tudu, suka kafa sabon gari. Mahaifiyar Abdou ba ta saba da sabon wurin ba. Shekara ta zagayo ta rasu a ɗakin kwano da ƙanensa ya yi mata. Abdou bai je ba. Takardunsa suna hannun hukuma ana dubawa, idan ya fita ba lallai ya dawo ba. A falonsa aka yi zaman makoki, Baharudeen ne ya yi ta ɗauko kujeru daga mota, Na'imatu ta dafa shinkafa da wake tukunya guda.

A taron Janairun 2014 Abdou ya miƙe, ba raha a fuskarsa. Ya ce da Turanci bana garinsu zai zana. Sannan ya juya wajen abokinsa ya ƙara da Hausa, "Tunda ƙahwa ba ta tahi ba."

Baharudeen ya gyaɗa kai. A ransa ya ɗauka sabon garin ake nufi. Shi kuma nasa ƙudurin a shekarar shi ne ya zama mai duba aikin wasu. Mutane sun yi yawa a harkar, kurakurai sun yi yawa, ana neman masu ido su bi su tace. Da cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya, aikin ya ninka. Ɗalibai da ma'aikatan ofis suna zana ƙauyuka dubbai, wasu su ɗauki inuwar itace su ce bukka ce. Likitoci kuwa da wannan taswira suke neman hanya. Baharudeen ya duƙufa. Da ya dawo daga aiki sai kwamfuta. Hannunsa ya saba da gogewa har ba ya tsayawa dogon tunani.

Wata Lahadi a ƙarshen shekarar, bayan azahar, ya ce bari ya leƙa ya ga inda abokinsa ya kai. Ya nemo Tungar Barmo. A kan tudu, inda hoton ya nuna rufin kwano suna ƙyalli, babu ko layi ɗaya. A ƙasa kuwa, bakin kogi, inda hoton bai nuna komai ba sai laka da tabon tsofaffin bangaye, gari ne guda a zane: gidaje, lunguna, rumbuna, masallaci, duk a karkace irin na Abdou.

Ya san na wane ne, sunan yana nan a jiki. Ya san kuma ƙa'idar da kowa ya yarda da ita: abin da ke ƙasa yau shi ake zanawa, ba abin da ya taɓa kasancewa ba. Ya yi tunanin ma'aikatan agaji su ɗauko gidan sauro su nufi wurin da ba kowa. Wayarsa tana gefen kwamfutar. Ya ce a ransa zai yi masa bayani idan sun haɗu. Ya ja linzami ya kewaye garin, ya goge. Sannan, kamar yadda ya saba yi wa ɗalibai, ya bar saƙo a wurin da kowa ke iya karantawa, da Turanci, cewa waɗannan gine-gine babu su, a riƙa zana abin da ake gani kawai, an gode da ƙoƙari.

Na'imatu ta kira shi cin abinci, ya rufe kwamfutar ya tashi.

Lahadi ta zagayo Abdou bai zo ba. Ta gaba ma haka. Idan an kira wayarsa sai ta yi ta ƙara. Baharudeen ya san inda yake jiran fasinja da rana, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Takoma, sai ya biya ta can da motar aiki. Ya same shi zaune cikin tasi, gilashi a sauke. Suka gaisa, Abdou ya tambayi Na'imatu da Wahida ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai a gaisuwar ba, amma bai buɗe masa ƙofa ba.

Baharudeen ya ce, "Malam Abdou, maganar taswirar nan ce?"

"Na ga saƙonka."

"Ka san yadda abin yake. Idan masu agaji suka duba suka ga gari, za su je. Su tarar ba kowa. Ba don kai ba ne, ko wane ne haka zan yi."

Abdou ya ce, "Na sani ba kowa can. Na hi ka sani."

"To ka gani."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Ɗan Zango." Ya juya yana kallon masu fitowa daga tasha. "Da Turanci ka rubuta mani. Har da an gode da ƙoƙari. Lambata tana cikin wayarka."

Baharudeen ya buɗe baki zai sake kawo hujja, sai wata mata da jaka ta buɗe ƙofar baya ta shiga. Abdou ya tayar da mota, ya ce ya gaida gida.

Da ya ba Na'imatu labari, ta ajiye abin da take yi ta dube shi. Ta ce, "Baban Wahida, mutumin da bai ga kabarin uwarsa ba. Gidan da aka haife shi ne ya zana." Ya ce ya sani, amma taswira ba wurin ajiye tunani ba ce. Ta ce to shi ke nan, ya yi gaskiya, sai ya zauna da gaskiyarsa.

Ba a daɗe ba Constance ta ga abin da ya faru, domin komai a buɗe yake. Ta ja shi gefe a laburare ta nuna masa cewa akwai alamar da ake sa wa ginin da ya rushe, ya zauna a taswira a matsayin kufai, ba wanda zai ɗauka da mutane a ciki. Ta ce kuma abin da aka goge ba ya ɓacewa, ana iya dawo da shi, aikin yini ɗaya ne. Baharudeen ya san da alamar, ya sha amfani da ita a wasu wurare. Bai san abin da ya hana ta zo masa a rai ran nan ba.

Ya yi niyyar gyarawa. Ya so dai ya fara ganin Abdou, su yi magana, kada ya zama kamar ya sake taɓa masa kaya ba izini. Ya so kuma, ko da bai faɗa wa kowa ba, Abdou ya fara yarda cewa ƙa'idar tana da dalili. Ya shirya cewa a taron Janairu zai miƙe a gaban mutane ya ce ƙudurinsa na bana shi ne ya mayar da Tungar Barmo, su ƙarasa ta tare. Ranar ta zo, kujerar Abdou ba kowa. Da layi ya zo kansa, ya miƙe ya ce zai sa hanyoyin keke na gefen rafin Seneca. Aka tafa masa. Kafin kaka ya gama su.

Haka abin ya yi ta tafiya. Sukan haɗu a sallar Idi ko wajen suna, su yi musabaha, su tambayi iyali. Matan ba su daina waya ba. Daga bakin Safiatou Na'imatu ta ji cewa harkar tasi ta mutu, kowa ya koma kiran mota ta waya, Abdou yakan yini bai samu na mai ba. A 2016 suka yanke shawarar komawa Greensboro, inda 'yan Nijar ke da yawa, wani ɗan'uwansa ya samo masa aiki a sito. Na'imatu ta je ta taya Safiatou ɗaure kaya. Baharudeen yana da aiki ranar. Da ya nemi wani ya canje shi da an canje shi, kamar yadda aka sha yi, amma bai nema ba. Ya aika da gaisuwa.

Bayan tafiyarsu gidan ya ƙara yi masa shiru ranar Lahadi. Wahida ta girma, tana amsa masa Hausa da Turanci, ƙawayenta sun fi koko daɗi. Duk Janairu yakan ce wa Na'imatu bana zai je Greensboro. Takan ce Allah ya sa. A laburare kuwa abin da yake faɗa daban ne, kuma wancan ne yake cikawa.

Sai a bazarar 2018, da suka ji Abdou ya kwanta asibiti saboda ciwon suga har an sallame shi, Baharudeen ya zauna wata Asabar ya buɗe tarihin wurin ya fara dawo da gidajen. Wannan karon ɗaya bayan ɗaya ya bi su, domin kowanne sai ya sa masa alamar kufai. A nan ya ga abin da bai tsaya ya duba ba a da. Kowane gida da sunan mai shi. Gidan Barmo, gidan Maiga masunci, rumbun Inna, tsamiyar da ake ɗaure jiragen ruwa. Gabashin garin cike yake da sunaye. Yammacinsa kuwa zane ne kawai, wasu gidajen ma bango uku gare su. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin miƙe layukan, bai taɓa ko ɗaya ba.

Mako na gaba suka kama hanya shi da Na'imatu, tafiyar rabin yini. Abdou ya fito har bakin mota ya tarbe su. Ya rame, gemunsa ya yi fari, yana ɗan jan ƙafa. Ya rungume shi ya ce, "Ɗan Zango, ka tsuhwa." Safiatou ta kawo fura mai sanyi, matan suka shige kicin. Suka yi hirar ciwo da magani, da tsadar haya, da wanda ya rasu da wanda ya koma gida. Bayan la'asar Baharudeen ya ciro kwamfuta daga jaka ya ɗora a kan tebur.

Ya ce, "Malam Abdou, na zo in ba ka haƙuri. Na yi maka ba daidai ba, kuma na daɗe ban zo ba. Ga shi na mayar, yadda ka bar shi."

Abdou ya sa tabarau ya matso. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan gilashin ya bi wani lungu har bakin kogi, ya dawo. Ya ce, "Nan muke wanka. Nan wani kada ya taɓa kama akuyar Maiga." Ya ɗan yi murmushi.

Baharudeen ya ce, "Yammacin garin ne ya rage. Idan ka faɗa mini sunayen, ni zan rubuta. Yau ma sai mu fara."

Abdou ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Yamma ban san ta sosai ba. Ina yaro na bar garin, aka kai ni lakwal Gaya. Gwaggona Uwani ce ke hwaɗa mani. Duk Juma'a sai in kira ta, ta ce daga gidan wane sai gidan wane, ni ina zanawa. Ta ji daɗin abin ƙwarai, har jira take. Mun gama gabas, mun shiga yamma ke nan." Ya ninke tabarau. "Da abin ya hwaru sai na daina tambayarta. Ta ce ina aikinmu, na ce an dakata. Bara waccan ta rasu."

Baharudeen ya ce, "Allah ya jiƙanta." Can ya ce ko akwai wani dattijo da za a kira.

"Akwai, amma kowa kartiyensa ya sani, unguwarsa kawai, kuma sun watse. Yaran da aka haihwa kan tudu ba su san komi ba." Ya tura kwamfutar a hankali zuwa gaban Baharudeen. "Ka bar shi haka. Ka sha wahala, na gode. Ni ma da laihina, da na yi maka hwaɗa ran nan da ya wuce. Ya wuce yanzu."

Safiatou ta leƙo ta ce abinci ya sauka. Suka ci dambu da naman rago a kwano ɗaya, Abdou yana tura masa tsoka gabansa. Aka yi musu shimfiɗa suka kwana. Da safe Abdou ya raka su mota, ya sa musu ƙullin cuku da kilishi a kujerar baya, ya ce a kai wa Wahida.

Suka kama hanyar gida. Wajen iyakar Virginia Na'imatu ta ce, "Kun shirya?"

Ya ce, "Ya ce ya wuce."

"To alhamdu lillahi."

Da suka tsaya shan mai ta dube shi, ta ce ya koma gefe, ita ta ƙarasa da su gida.

Tun daga nan sukan yi waya da Abdou da Sallah ƙarama da babba, wani lokaci da azumi. Hirar ba ta tsawo: lafiyar jiki, karatun yara, sanyin bana. Abdou bai sake buɗe taswira ba, ya ce idonsa ba ya son hasken. Baharudeen yana nan Germantown yana kai oksijin, gwiwa ta fara damunsa wajen hawan bene, kamfanin ya ce za a mayar da shi ofis ya riƙa tsara wa direbobi hanya. Na'imatu tana so su je Kumasi su daɗe kafin ƙarfi ya ƙare, ya ce mata to, suna duba lokacin da Wahida za ta samu hutu.